Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar LAMATA: wa zai taka birki ranar da danja ta mutu?

Zuwa ga shugabanni da injiniyoyin hukumar sufurin birnin Legas, LAMATA.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan wannan takarda ta same ku lafiya.

Ni mai gyaran lif ne. Shekara goma sha tara ke nan ina shiga ɗakunan inji na dogayen benayen Marina da Ikoyi da Ikeja, ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tocila a baki. A Agege aka haife ni, kuma daga ƙofar gidanmu zuwa layin dogo bai fi tafiyar minti biyar ba. Goro ne ya kawo kakana nan daga Kano. A jirgi ya zo, a jirgi yake aika huhunan goro Arewa, har ya koma ga Allah da kukan jirgi yake gane lokaci. Saboda haka maganar jirgin ƙasa a wurinmu maganar gida ce.

Zan fara da godiya, domin kun cancanta. Tun daga 15 ga Oktoba, 2024 da jirgin Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, safiyata ta canza. Da can, ana sallame sallar asuba nake fita da jakar kayan aiki, in yi ta kokawa da danfo da cunkoson Oshodi, in isa wurin aiki na riga na gaji. Yanzu katin biyan kuɗin jirgi na Cowry nake dangwalawa in samu wuri in zauna. Shuɗin Layi kuma, wanda ya fara aiki ranar 4 ga Satumba, 2023 daga Marina zuwa Mile 2, na hau shi ba sau ɗaya ba, na ga yadda yake ratsa saman ruwa mutane na leƙe ta taga kamar yara. Iyayenmu sun ba mu labarin jirgin birni da aka ƙaddamar zamanin Gwamna Jakande a 1983, aka soke shi a 1985. Shekara arba'in suka yi suna jira, wasunsu ba su gani ba. Mu mun gani, Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da na taɓa gani a wurin aiki, wanda har yau in na zauna a tarago yakan faɗo mini a rai.

An kira ni wani bene mai hawa goma sha huɗu a cikin tsibiri, ba zan faɗi sunansa ba, domin in canza wa lif igiya. Ina cikin duba akwatin wayoyi sai idona ya faɗa kan wata 'yar guntuwar jar waya, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, an maƙala ta a inda ba wurinta ba ne. Na bi sawunta. Ashe makullin ƙofar hawa na tara ne ya fara ciwo watanni da suka wuce, lif ya riƙa tsayawa yana ƙin tashi, masu ofis suka yi ta ƙorafi, sai wani ya zo ya tsallake makullin gaba ɗaya da wannan 'yar waya. Daga ranar lif bai sake gardama ba, kowa na yabon mai gyara. Na kira mai kula da benen, na kai shi hawa na tara, na buɗe ƙofar da mabuɗina, na sa yarona ya danna kira daga ƙasa. Muna tsaye, ƙofa wangale, lif ya zare ya yi ƙasa ya bar mana rami baƙi ƙirin. Mutumin ya ja da baya ya dafa bango, ya daɗe bai ce komai ba. Mata masu goyo da yaran makaranta suna bin wannan ƙofa kullum.

Ranar na ƙara fahimtar abin da maigidana ya koya mini tun ina ɗan koyo. Birkin lif, sifirin ne ke danne shi kullum, wuta ce ke ɗaga shi. In wuta ta ɗauke, in waya ta tsinke, in wani abu ya lalace, birki ya koma ya kama. An gina shi ne yadda duk lalacewar da za ta zo, ta zo ta ɓangaren tsayawa. Lif ɗin da ya ƙi tashi gaskiya yake faɗa maka. Wanda aka toshe wa baki, shi ne abin tsoro.

Ku kun fi ni sanin cewa a kan wannan ƙa'ida aka gina siginar jirgin ƙasa, amma ku yi mini haƙuri in ɗan yi bayani saboda 'yan'uwana da za su karanta. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da kamun tayar mota a kan kwalta. Jirgin da ya ɗauki gudu sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Kafin direba ya ga abu da idonsa, sau da yawa lokacin birki ya wuce. Shi ya sa ake yanka layi gida-gida, a ce jirgi biyu ba sa haɗuwa a gida ɗaya. Tun 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya ƙirƙiro dabarar gane ko akwai jirgi a gida: a saki 'yar ƙaramar wuta ta bi ƙarafunan layin biyu, ta je ta riƙe wani makunni mai maganaɗisu. Da zarar jirgi ya shigo, ƙafafunsa da sandar da ta haɗa su sai su yanke wa wutar hanya, makunnin ya saki, danja ta koma ja. In layi ya karye, ja. In batir ya mutu, ja. Akwai kuma wata dabarar ta ƙirga ƙafafun jirgi a bakin shiga da bakin fita, kamar yadda ake ƙirga shanu a ƙofar mayankar Oko-Oba: in arba'in suka shiga, talatin da tara suka fita, to saura ɗaya na ciki, kada a buɗe wa kowa.

Sai dai jar danja ba ta da hannu. In direba ya yi gyangyaɗi, ko hawan jini ya buge shi, ko hankalinsa ya tafi gida wurin mara lafiya, fitila ba za ta riƙe jirgi ba. A Landan, ranar 28 ga Fabrairu, 1975, wani jirgin ƙarƙashin ƙasa ya shigo tashar Moorgate, inda layin ya ƙare da bango, bai rage gudu ba. Mutum 43 suka mutu, har da direban. Bayan wannan ne suka sa na'urar da ke auna gudun jirgi a irin waɗannan wurare, ta taka masa birki da kanta in ya wuce ƙa'ida. Duk lokacin da jirgi ke shiga Marina ko Oyingbo, inda tafiyar ke tuƙewa, ina tuna Moorgate.

Masana sun raba sarrafa jirgi da na'ura zuwa mataki huɗu. A na farko mutum ke tuƙi, na'ura na gadinsa: ya haura gudun da aka yanka masa ko ya tsallake jar danja, ta ƙwace birkin daga hannunsa. A na biyu na'ura ke tuƙi da tsayawa, direba na zaune a gaba yana rufe ƙofa, yana ba da izinin tashi, yana kallon hanya. Haka layin Victoria na Landan yake tun da aka buɗe shi a 1968, kuma yau yana sakin jirgi 36 a awa ɗaya lokacin cunkoso, wato kowace daƙiƙa 100 jirgi ya iso. Ido da ƙafar ɗan Adam ba za su iya wannan ba. Abin da ke sa irin haka ta yiwu a layukan zamani shi ne kowane jirgi yana sanar da kwamfuta inda yake da irin gudunsa ba ƙaƙƙautawa, ita kuma tana gaya wa na bayansa iya inda zai kai. Mataki na uku da na huɗu su ne waɗanda babu direba a gaba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Dubai sun san shi: tun 2009 jirginsu ke yawo ba direba, mutum ya tsaya a gilashin gaba yana kallon layi na tahowa. Alhazanmu kuma sun ga aikin jirgin Masha'ir mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arafat tun Hajjin 2010, yadda yake kwashe dubban mutane cikin 'yan awoyi, jirgi na bin jirgi.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mataki na farko farilla ne, sauran nafila. Ba na roƙon ku kawo mana jirgi mara direba gobe. Jirgin Dubai a killace yake daga farko har ƙarshe, da ƙofofin gilashi a bakin dandamali, akuya ma ba ta da ta inda za ta shiga. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen layi a Agege ko Mushin da yamma ya san namu ba haka yake ba. A bar mana ɗan Adam a gaba, mai ido da tausayi, amma a sa masa mai gadin da ba ya barci. Roƙona na farko ke nan: ku fito ku gaya wa jama'a, da harshen da mai sayar da albasa a Mile 12 zai gane, me ke tsayar da jirgi a kowane layi in direba ya kasa. Wanda ya ɗora ransa da na 'ya'yansa a tarago yana da haƙƙin ya ji wannan amsa daga bakinku.

Jan Layi ya fi damuna, kuma ga dalili. Shuɗin Layi naku ne ku kaɗai. Jan Layi kuwa hanya ɗaya kuke bi da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya: jirgin Ibadan na bi, jirgin kaya daga tashar ruwan Apapa na bi, naku na bi. Nauyinsu ba ɗaya ba, gudunsu ba ɗaya ba, nisan birkinsu ba ɗaya ba. Na'urar gadi ba ta da amfani sai in kowane kan jirgi da ya hau layin yana ɗauke da ita, yana jin yarenta. Kan jirgi guda da ba shi da ita daidai yake da waccan jar wayar ta hawa na tara. Kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya: ranar da aka samu ruɗani tsakanin Ikeja da Agege, dole a san murya ɗaya da kowane direba zai saurara, ko na tarayya ne ko na jiha. Tunda gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon harkar jirgin ƙasa tare da tarayya, irin wannan zama tare zai ƙaru. Ku rubuta yarjejeniyar a fili, ku gwada ta da atisaye, tun kafin ranar buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ɗauka cewa da an sayo na'ura an gama. Na'ura ma tana ƙarya in aka yi sakaci da ita. A Washinton ta Amurka, ranar 22 ga Yuni, 2009, wani jirgi ya tsaya a kan layi, amma na'urar gane jirgi ta wannan gida ta kasa ganinsa. Kwamfuta ta ɗauka hanya a buɗe take, ta saki na bayansa da gudu. Direbar jirgin na baya ta taka birkin gaggawa, bai isa ba. Mutum tara suka rasu, har da ita. Bincike ya nuna na'urar ta yi kwanaki tana nuna alamar ciwo ba a ɗauki matakin da ya dace ba. Sai bayan shekara goma sha biyar suka sake amincewa da tuƙin na'ura gaba ɗaya a wannan layi. A Shanghai kuma, ranar 27 ga Satumba, 2011, wuta ce ta ɗauke wa sigina a layi na 10, ma'aikata suka koma ba da hanya ta wayar tarho, aka manta da jirgi ɗaya a cikin rami, wani ya zo ya same shi. Fiye da mutum 200 suka ji rauni. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan na Shanghai shi ya fi kama da abin da zai iya samun mu. Mu da muka san yadda babban layin wutar ƙasa ya yi ta durƙushewa a 2024, mu da muka san ruwan Yuni da Yuli da tsawar da ke ƙona mana allunan lif duk damina, ba ma tambayar ko sigina za ta taɓa mutuwa. Za ta mutu wata rana. Abin tambaya shi ne me zai faru a cikin awa ɗayan da ta biyo baya, dandamali cike da mutane, waya na ta ƙara daga sama ana cewa a saki jirgi. A irin wannan awa ce hannu ke kai wa ga jar waya. Na san zafin wannan matsi, an sha tsayawa a kaina ana cewa oga na jira, a yi dabara. Ku ba ƙaramin ma'aikacin ɗakin sarrafa jirage ikon ya ce a'a, ku rubuta masa shi a takarda, kada a taɓa albashinsa don ya tsayar da jirgi bisa shakka. Mu fasinjoji za mu yi gunaguni, za mu makara, za mu haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai batun batir, wanda ba a yi masa bikin yanke ƙyalle. Kun yi wa Shuɗin Layi tanadin wutarsa, madalla. Amma a sana'ata na sha buɗe akwatin batiran ko-ta-kwana in tarar fitilarsu kore shar, da an ɗora musu nauyi sai su faɗi cikin minti biyu. Zafin Legas da iskar gishiri ta bakin teku na cin batir da bakin waya a ɓoye. Ba a gane lafiyarsu da kallo, sai an kashe wuta da gangan an gwada. Ku ware kuɗin wannan a kasafi kowace shekara, da na kayan gyara a ajiye a sito, tun kafin a fara maganar sabon layi zuwa Lekki. Kuma duk wata 'yar ɓaraka da ta faru ba a ji rauni ba, jirgi ya ɗan zarce danja, ko an buɗe hanya bisa kuskure, a rubuta ta, a bincika, a faɗa. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, yanzu hurumin ta ya haɗa da jirgin ƙasa. Ku riƙa kiran ta tun abu na ƙarami.

Ba mu manta da safiyar 9 ga Maris, 2023 ba, lokacin da jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikatan jiha a mahaɗar PWD da ke Ikeja, mutum shida suka rasa rayukansu. Ba jirginku ba ne, kuma gadojin sama da aka gina a Oyingbo da Yaba da Mushin da Ikeja sun rage irin wannan haɗuwa ta mota da jirgi ƙwarai. Amma masu tafiya a ƙasa suna nan. Kwanan baya da magariba na ga wani dattijo mai tallar goro, faranti a ka, ya ɗaga ƙafa zai haura layi. Ya duba hagu, ya ga jirgi ya wuce, sai ya sa kai. Bai san wani na tahowa ta ɗaya layin ba. Wani yaro mai shayi ne ya daka masa tsawa, “Baba, koma! Koma!” Ya koma, goro ya watse a kan duwatsu, jirgi ya wuce. Dattijon nan ya shekara hamsin yana tsallaka wannan wuri, amma jikinsa ya saba da zamanin da jirgi ke zuwa jefi-jefi, yana tafe yana nishi. Yanzu jiragen sun yi yawa, sun fi sauri, kuma kullum ƙaruwa za su yi. Duk ingancin siginarku, ba ta ganin mai faranti.

A Shuɗin Layi haɗarin ma wani iri ne, domin ƙarfe na uku da ke kwance a gefen layi yana ɗauke da wuta bolt 750, kuma a ido ba shi da bambanci da sauran. In layin ya ƙarasa Okokomaiko zai ratsa kusa da Alaba Rago, inda dubban mutanenmu ke kwana suna tashi, da yawansu sababbin zuwa ne, ba sa jin Turanci ko Yarbanci. Allon gargaɗin da mutum ba ya iya karantawa bai gargaɗe shi ba. Ku sa Hausa a cikin sanarwar lasifika a tashoshin da muke da yawa, ku sa ta a alluna da boko da ajami, ku yi hoton da ko wanda bai yi karatu ba zai gane.

Mu ma akwai namu laifin, ba zan ɓoye ba. Wayar jan ƙarfe da ake sacewa a gefen layi, a hannun masu sayen kayan bola take ƙarewa, kuma wasu daga cikin masu wannan sana'a 'yan'uwanmu ne. Mai yanke wayar sigina yana ganin kilo biyu ya samu, bai san idon jirgi ya ƙwaƙule ba. Wannan magana ce da ya kamata sarakunan Hausawa da limamanmu da shugabannin 'yan bola su ɗauka da kansu, kuma na tabbata za su ɗauka in an zauna da su an nuna musu abin da wayar ke yi.

Akwai yara a Agege da Idi-Araba da suka gama kwalejin fasaha, suna gyaran waya da inbata a ƙarƙashin lema. Hannunsu na da kyau, kansu na ja. Kamfanonin waje da suka kafa na'urorin nan wata rana kwangilarsu za ta ƙare su tafi, na'ura kuwa za ta zauna shekara ashirin ko talatin. Na ga lif masu tsada sun zama ɗakin ajiyar tsintsiya saboda wanda ya san lambar sirrin allonsu ya koma ƙasarsu. Kada ku karɓi wata na'ura sai da littattafanta, da mabuɗan manhajarta, da sharaɗin a koya wa 'ya'yan Legas, Bayarabe da Ibo da Bahaushe, har su iya gano ciwo da kansu da ƙarfe biyun dare ana ruwa.

Daga ƙarshe ina gayyatar ku. Ku turo mana injiniya ɗaya ko biyu Agege wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su zo da hoton layin da na danja, su tsaya a gaban jama'a su yi bayanin yadda jirgi ke tsayawa da abin da ba ya iya yi. Za mu shimfiɗa tabarmi, za mu tara 'yan tireda da 'yan dako da masu shayi da malaman allo. In ba ku da tafinta, ni zan yi, kuma zan zo da dattijon nan mai goro, na san inda yake zama.

Na gode. Allah ya tsare mu da ku, ya sa a sauka lafiya.

Naku,
Wani mai gyaran lif, mazaunin Agege, Legas.